'Yar Ladi, Dawar Da Ba Mai Son Shukawa

Shekara tara ke nan cif da muka binne Inna. A irin wannan lokaci ne, ƙarshen bazara, hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa, kowa ya gama sharar gona ya zuba wa sama ido. Sunanta Ladi, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi kai tsaye ba sai mahaifinmu, shi ma sai ransa ya ɓaci. A majami'a Uwar Zumunta ce, a gari Inna Ladi, a gida Inna. Ni ce Hannatu, ɗiyarta ta uku, wadda ta ɗan yi boko ta zama malamar firamare, shi ya sa 'yan'uwana suka ɗora mini wannan rubutu. Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don tsoron kada a je a yi masa wani abu ba, ai babu sauran abin da za a yi masa. Rubuta shi ne ba na iyawa.

Sun ce in rubuta alherinta. To daga ina zan fara? Mahaifinmu ya rasu ya bar ta da mu biyar, autanmu yana goye. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma raba mu ga dangi ba, ko da yake an zo an nema ba sau ɗaya ba. Ita ce noma, ita ce surfe, ita ce rakiyar makaranta da tsumagiya in mun noƙe. Shekara ashirin da wani abu tana shugabancin zumuntar mata a 'yar majami'armu mai rufin kwano. Ita ke buga tulu in ana waƙa ranar Lahadi, ita ke sake share wurin ranar Asabar bayan masu shara sun tafi, wai ba su iya shiga lungu ba. In mace ta fara naƙuda, Inna ake aika wa. In an yi mutuwa, gidan Kirista ko na Musulmi, kafin a gama kukan farko tukunyarta ta hau murhu. Duk wannan gaskiya ne, amma uwaye na kirki da yawa a ƙasarmu ana iya faɗin haka a kansu. Abin da yake nata ita kaɗai shi ne dawa.

Wata farar dawa ce mai dogon kara, wadda in ta samu ƙasa da ruwa sai ta kusa ninka tsawon namiji. Daga ɗakin uwarta ta zo da ita cikin kayan aure, zangarniya uku a naɗe cikin tsohon zane. Ba ta nuna da wuri, sai kowa ya gama da gero da masara sannan take sunkuyar da kai, amma tuwonta fari ne tas, ga laushi, in ya kwana ɗumamensa ya fi na jiya daɗi. Karanta kuwa shi ne darninmu, shi ne makamashinmu har wata damina.

Inna ba ta jiran a yi girbi a tara sannan a ɗebi iri, wannan a wurinta ragwanci ne. Tun dawa tana tsaye take shiga gona da jajayen ƙyallaye a haɓar zane, tana ɗaga kai tana duban zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi mata, sai ta ɗaura wa karanta ƙyalle. Ranar girbi kowa ya sani, mai jan ƙyalle ba a taɓa ta, ita za ta yanka da hannunta. Sai ta ɗaure su ta rataye a ɗakin girki daidai saman murhu, hayaki ya yi ta bugunsu har su yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ƙwaro ba ya kusantarsu. In bazara ta yi nisa sai ta murje ƙwaya ashirin, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta tura gindin randa. Bayan kwana huɗu ta warware ta duba. In sun tsira sai ta ce, "Tana da rai," kamar mai ba da labarin majinyaci.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka yi wata kaka marar albarka. Kafin bazara ta raba, rumbunmu ya koma ɗakin ɓera. Kwaɗon rama muke ci da safe, tafasa da yamma, wata rana ko ƙuli babu. Ga damman dawa kuma suna reto a saman kanmu duk lokacin da muka shiga ɗakin girki. Ni kuwa tun ina ƙarama ban gaji haƙurin Inna ba, bakina ma ba shi da linzami. Rannan ta tafi rijiya, na jawo turmi na kife, na hau na fizgo zangarniya ɗaya. Ina cikin murjewa sai ga inuwarta a ƙofa.

Ba ta doke ni ba, da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta sauke tulu, ta durƙusa ta tsince ƙwayoyin da suka zube ɗaya ɗaya, sannan ta ce, "Hannatu, ba a cin iri."

Na ce, "To mu mutu, iri ya rayu?"

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ba ki mutuwa, ɗiyata. In kika ci wannan kin ci tuwon baɗi, naki da na mutane." Na yi kwana biyu ba na gaishe ta. A raina na ce wannan mata ta fi son kara da 'ya'yanta.

Ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka da ɗan abin da ya rage. Inna ba ta taɓa yarda da ruwan farko ba, rabi take shukawa ta bar rabi a rataye. Sai kuwa sama ta ɗauke, sati uku ko ɗigo, shuka ta ƙone ƙurmus. Da ruwa ya dawo babu mai iri a hannu, waɗansu sun shuka nasu duka, waɗansu yunwa ta sa sun daka. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mata suka yi ta shigowa gidanmu, 'yan zumunta da matan Musulmi, kowace ta durƙusa ta shimfiɗa haɓar zanenta, Inna ta zuba mata cikin ƙoƙo. Maƙwabcin gonarmu, Malam Iro, wanda muke kira Baba Iro, kunya ta hana shi roƙon mace. Ya zo ƙofar gida ya tsuguna yana ta gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi awaki, ya sake komawa kan yara. Inna ta fito da ƙoƙo a hannu ta ce, "Malam, gaisuwar ta isa haka nan. Miƙo hularka."

Ba ta sayarwa, ba ta kuma yarda a mayar mata. Magana ɗaya ce take yi wa duk wanda ta zuba wa: "In Allah ya kai mu kaka, ka rataya wa wani." Mai karɓa kuma ya ce, "Zan rataya." Shi ke nan. Da haka dawar ta bazu. Ɗiyar da aka aurar garin Ƙetare ta tafi da ita, mai ƙaura zuwa Faskari ya tafi da ita, har cikin ƙauyukan Sabuwa aka san ta. Ba a san wanda ya fara ba, aka dai wayi gari ana ce mata 'yar Ladi. Ranar godiyar kaka, in mata suka shigo majami'a da damma a ka suna rawa, kusan duk ita ce. Inna tana gefe da tulunta, ba ta ko ɗaga kai, amma ni na san daɗi take ji, don bugun nata yakan ƙara ƙarfi.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Tana kwance ba ta iya tashi, amma ta sa na murje ashirin na tura gindin randa. Ranar da na warware na kawo mata, sha tara sun tsira. Ta shafa su da yatsa ta ce, "Tana da rai." Bayan kwana huɗu ta cika. Baba Iro yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinta a bayan majami'a, da tsufansa, aka yi aka yi ya ba matasa diga ya ƙi.

Nakan ce Allah ya so ta da ya ɗauke ta a lokacin. Na san ba magana ce mai daɗin ji daga bakin ɗiya ba, amma na faɗa. A wancan lokaci labarin mutanen daji daga nesa muke jin sa, an kore shanun wane, an tare hanyar kasuwa kaza. Yayanmu Bitrus ya ci gaba da gonar, ni kuma na karɓi ƙyallaye da ratayar iri, ko da yake idona bai kai nata ba. Shekara biyar muna haka, labarin yana matsowa, muna cewa ba za a zo kanmu ba, me muke da shi?

Suka zo ana tsakiyar damina, da la'asar, dawa ta kai iyakar tsawonta ta kewaye gari ko'ina. Nesa suka ajiye baburansu suka tako da ƙafa ta cikin gonaki. Babu wanda ya gan su sai da suka ɓullo a bayan gidaje. Ba zan ba da labarin wannan yammacin ba, waɗanda suka gani ba su bukata, waɗanda ba su gani ba kuma sun ji irinsa har sun gaji. Abin da zan faɗa shi ne, da na kora yarana gaba, sai na juya da gudu na faɗa ɗakin girki na tsinko damin irin da ya rage a saman murhu. Takarduna na makaranta suna cikin akwati a ɗaki, taku biyar daga nan, ko tunawa da su ban yi ba. Sun ƙone tare da ɗakin. Da muka isa Ƙanƙara washegari, ƙafa duk ta fashe, Yaya Bitrus ya dubi abin da na rungumo ya ce, "Haba Hannatu! Takardunki kika bari kika ɗauko kara?" Na ƙara ƙanƙame damin.

Damina huɗu ke nan. Ina zaune a ɗakin haya guda, tsakar gidan siminti ne, girki a kan gawayi a bakin ƙofa. Babu ɗakin girki balle hayaƙi, sai na zuba zangarniyoyin cikin tsohuwar garwa na rufe da toka. Yaya Bitrus, manomin da ke cika rumbu uku, yana tura kurar ruwa a Funtuwa. Sauran sun watse, wannan Zariya, wancan Kano. Majami'armu an ce an kwashe kwanon, ciyawa ta rufe kaburbura, ba a gane na Inna da na wani. Tun da muka fito ban taka wurin ba.

Sau da yawa nakan zauna in ce, da Inna za ta leƙo yau, me za ta ce? Matar da ke tafiya Ƙetare da ƙafa ita kaɗai don gaida mai jego, yaya zan gaya mata yanzu ko a mota sai an yi ta waige? Yaya zan gaya mata ana binne mutum ba a dafa ko ruwan zafi ba, saboda kowa na sauri ya bar wurin? Na san ba za ta tsaya dogon zance ba. Za ta ɗaure ɗankwali ta tambayi inda marasa lafiya suke kwance. Daga nan kuma ta juyo kaina ta ce, ina iri, wa ya shuka bana? Wannan tambayar ce ke hana ni sukuni.

Don ba zama na yi ba. Bazarar farko da muka yi a nan na gwada ashirin a gindin randa, sha biyar suka tsira. Na ɗaura ɗan ƙulli na shiga mota. Na fara da Ƙetare, gidan wata 'yar ƙanwar Inna da ke da gona. Ta karɓe ni hannu biyu, ta yi kuka, ta dama mini fura. Da na kwance ƙullin sai fuskarta ta sake. Ta ce, "Yaya Hannatu, ki rufa mini asiri. Mu nan an daina shuka mai tsawo kusa da gida. Wake, gyaɗa, waken suya, abin da bai wuce gwiwa ba. In na shuka wannan mi zan ce wa maƙwabta?" Na je wajen Faskari gida uku, magana ɗaya. Wani dattijo da na san mun zuba wa uwarsa a haɓar zane ya ce mini, "Malama, dawar nan ai ita ta ɓoye su." Na ji kamar in kwaɗa masa mari, Allah na gani. Na tashi ko sallama ban yi masa ba, na zo bakin titi na tsaya ina huci. Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba.

Shekara ta kewayo, na sake gwadawa, tara suka tsira. Hankalina ya tashi. A lokacin na ji labarin Baba Iro yana raye, ya koma wajen ɗiyarsa a wata 'yar unguwa kusa da Damari, cikin Sabuwa. Na bi wannan muguwar hanya yini guda, na same shi ya rame, gemu ya yi fari fat, yana zaune gindin ɗorawa. Da ya gane ni sai ya kama salati. Surukinsa ya ba shi wani ɗan fili a bayan gida yana taɓa gyaɗa. Na kwance ƙullina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hannatu, mutanen nan baƙo nike cikinsu. Sun yi shawara ba a shuka dogon kara."

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Baba, ashe har kai? Shekarar da shuka ta ƙone, da Inna ta tsaya shawara da mutane, da ka ci tuwo?" Gori na yi wa tsoho, gori ƙiri-ƙiri, a kan abin da mai shi ba ta taɓa gorantawa ba ko sau ɗaya. Ya cire hularsa ya miƙo. Na juye masa fiye da rabin abin da nake da shi, na ma manta ban faɗi maganar da Inna ke faɗa ba. Shi ne ya ce, a hankali, "Zan rataya."

Ya shuka, kunya goma sha biyu. Ta fito, ba duka ba, amma ta fito. Yakan sa a kira ni a waya ya ce ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta wuce kaina. Na fara barci. Na sayi jan ƙyalle na yayyaga na ajiye, ina jiran kaka. Ta yi ciki ke nan, saura kaɗan ta fid da kai, aka ɗauke mutum biyu a wata gonar masara can gaba da su. Washegari da hantsi mazan unguwar suka fito da adduna suka sassare duk wani kara mai tsawo da ke kewaye da gidaje. Kunya goma sha biyun Baba Iro ba su ɗauke su ko rabin sa'a ba. An ce yana tsaye yana kallo, bai hana ba, da suka gama ya tattara karan ya ba awaki.

Da na ji cewa cikin masu saran har da Iliya, sai na ga duhu. Iliya ɗan ƙauyenmu ne, ɗan Mama Asabe, aminiyar Inna kuma mataimakiyarta a zumunta. Inna ce ta yanke masa cibiya. Yana can yana ƙodago a gonakin mutane. Na nemi lambarsa na kira, ban ko amsa gaisuwarsa ba na hau shi da faɗa. Na ce masa butulu, na ce da tuwon dawar nan aka yaye shi, na ce abubuwan da ba zan maimaita a jarida ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Yaya, ran da suka zo garinmu, Rahila tana bayan gida tana tsinkar kuɓewa. Taku goma tsakaninmu. Ban gan su ba, ban gan ta ba, sai kara ke motsi. Har yau ban san inda take ba. Ɗiya ɗaya ta bar mini. Ki yi haƙuri, ko Inna Ladi ce ta tashi ta shuka da hannunta, sai na sare."

Na riƙe wayar har ta mutu. Rahila matarsa ce, ni na koya mata karatu a aji uku. Wa zan yi wa fushi? Iliya? Baba Iro, da na tura shi ya ɓata da masu masaukinsa yana tsufa? Ya rasu da rani ya shigo, ban samu zuwa ba, ban kuma nemi gafararsa ba. Kullum ina cewa sai hanya ta yi sauƙi.

Bana da bazara ta yi nisa na buɗe garwa. Ƙwari sun shiga duk da tokar, ƙasa duk gari. Na zaɓi ashirin masu kyan gani na naɗe na tura gindin randa. Kwana huɗu, ko ɗaya. Na ce tsumman ne ya bushe, na sake. Ko ɗaya, sai wari. Karo na uku na daina ƙirga, na dumbuza cikin hannu na zuba. Biyu suka tsira, sirara, kamar zaren ɗinki. Na kira Yaya Bitrus na gaya masa. Ya ce, "Ki niƙa ki ba mutane su sha, tun ƙwari ba su gama da ita ba. Ta mutu, Hannatu. Ki bar ta ta huta." Na zage shi, yayana guda, na kashe waya. Kwana uku ina kewaya garwar. Rana ta huɗu na murje duka, na sheƙe, na wanke, na ɗauka da kaina na kai injin niƙa. Ina tsaye mai inji ya juye, ƙarar ta tashi, sai na ji muryar Inna sarai kamar tana ƙofar ɗakin girki. Shekara arba'in da wani abu bayan ta hana ni, na dai ci irin.

Garin bai taka kara ya karya ba, sai da na sayo dawar kasuwa na ƙara, irin gajerar nan da ake kawowa daga nesa, har ta ɗan rage a leda cikin jakata. Lahadin da ta wuce, bayan sujada a majami'ar da muke raɓawa a nan Ƙanƙara, na tara matan ƙauyenmu da suka rage, mu goma sha wani abu, muka yi addu'ar tunawa da Inna a gindin bishiya. Na dama kunun tsamiya na kawo. Ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba.

Mama Asabe tana nan, jikarta ta jawo ta, don idonta ya tafi tun shekarar da muka fito. Ta kurɓa sau ɗaya ta tsaya. Ta sake kurɓa, ta riƙe a baki. Sai ta ce, "Wannan ƙaurin hayaƙin ɗakin Ladi ne. Hannatu, 'yar Ladi ce?"

Na ce, "Ita ce, Mama."

Fuskarta ta washe, rabon da in ga haƙoranta tun muna gida. Ta ce, "Allah mun gode! Ashe tana nan. Kin dai rataye iri ko?"

A harabar majami'a, da zanen zumunta a jikina, na buɗe baki na ce, "Na rataye, Mama."

Sai ta ajiye kofin, ta lallaɓa ta sauko daga benci ta durƙusa, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ta shimfiɗa haɓar zanenta. Ta ce, "To zuba mini nawa. In an koma gida in samu abin shukawa."

Matan nan duk suka zuba mini ido. Wayyo ni! Na sa hannu cikin jaka na laluba ledar dawar kasuwa, na dumbuzo na zuba mata. Ta sa yatsu tana murzawa. Matar da ta yi shekara arba'in tana surfa 'yar Ladi, ai ko ba ido ta san ƙwayarta. Na ga yatsun sun tsaya. Na ga murmushin ya tafi a hankali. Na jira ta tona ni, na ma so ta tona ni. Ba ta yi ba. Ta tattara haɓar zanen ta ƙulle tam, ta ce, "In Allah ya kai mu kaka, zan rataya wa wani." Jikarta ta ɗaga ta suka tafi, ba ta ƙarasa kunun ba.

'Yan'uwana sun so in rufe wannan rubutu da cewa aikin Inna yana nan bai mutu ba. Na gwada, alƙalamin ya ƙi. Gidan da ta gina ya ƙone. Majami'ar da ta share ba rufi. Yaran da ta karɓi haihuwarsu suna tura kura da ƙodago a garuruwan mutane, waɗansu ba a san inda suke ba. Dawar da ta hana mu ci don ta ciyar da gari, yau sunanta abin da ya ɓoye masu kisa, kuma ba zan iya cewa ƙarya ne ba. Na yarda tana wurin Ubangijinta tana hutawa, wannan ban taɓa shakka ba. A nan ƙasa ne nake dubawa ina rasa abin nunawa.

Tsiro biyun nan na dasa su a tsohon bokiti a bakin ƙofata. Ɗaya ya yi rawaya ya kwanta tun shekaranjiya. Ɗayan yana tsaye, ganye uku, ina ba shi ruwa safe da yamma, ina korar kajin masu gida, ban kuma sa rai ba. Ban da shi, abin da na sani ya rage na Inna shi ne maganar nan tata a bakin tsohuwa makauniya, da ƙulli a haɓar zanenta. Mama Asabe ta san abin da ke cikin ƙullin ba dawar Ladi ba ce, ni ma na sani. Jikarta ta ce mini har yau ba ta yarda an kwance shi ba, ko za a wanke zanen.